Hannun Hagun Ngo Chundung

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidanmu har ta tsufa, wai mahaifinku ne ya hana ni karɓar aikin Abuja. Inna, Allah ya ji ƙanta, ita ta fara faɗa, ƙannena suka ɗauka, ku kuma kuka tashi kuka tarar da ita kamar randar da ke bakin ƙofa, ba wanda ya tambayi wa ya ajiye ta a wurin. Ni da na san gaskiya na ja bakina na yi shiru shekara da shekaru, domin shirun ya rufa mini asiri. Yanzu idona ya fara hazo, yatsun da na yi taƙama da su sun fara yi mini gardama, Malam babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba, ko da yake da ma can ba ya yi. To ku saurara, Nura da Sadiya da Abba, musamman kai Nura. Amma kafin in kai ga babanku sai na fara da wata tsohuwa, don ba za ku gane abin da na yi ba sai kun san hannuwanta.

Ngo Chundung sunanta, 'yar Birom ce, Ngo ɗin kuwa girmamawa ce irin tasu, kamar mu ce Inna. A Bukuru na tashi, inda kakana ya zo tun zamanin haƙar kuza, ita kuma ta yi shekaru tana buga tafireta a ofishin wani kamfanin kuza. Da kamfanin ya mutu sai ta ɗauko tafiretarta ta kafa tebur a wata baranda kusa da kasuwa, tana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Na gama sakandare ina zaune a gida ina cin tuwon Inna ina yi mata musu, kullum in an aike ni kasuwa sai in tsaya ina kallon matar nan har a biyo sawuna. Ran nan ta ɗago kai ta dube ni. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

“Kai yarinya, kallo ba ya cika ciki. Zo ka zauna.”

Wata takwas na yi a gefenta, ba ta karɓi ko kwabo ba. Koyarwarta kuwa ba sauƙi. Takan kwance ɗankwalinta ta rufe mini hannuwa da shi don kada in ga haruffa, in na leƙa ta sakar mini rula a gaɓar yatsa. Dokarta biyu ce: ido yana kan takarda ko kan mutumin da ke magana, hannu kuma ba ya barin gidansa. Gidan hannu shi ne layin tsakiya, inda yatsu takwas suke zama su jira. Na tsane ta a watan farko, na yi ta kai ƙararta wurin Inna, Inna ta ce Allah ya ƙara. Duk abin da na ci da kwamfuta a rayuwata daga ƙarƙashin wannan ɗankwalin ya fito.

Bayan an yi mini aure na koma unguwar Congo-Russia a Jos, inda babanku ke da shagon ɗinki a jikin gida. Ku kun san shi da furfura da tabarau a kan hanci, ba ku san shi lokacin da yake rera waƙa yana taka keke har maƙwabta su ce ya rage ba. Shi ya samo mini aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Titin Bauchi, inda ɗaliban jami'a ke cika da ayyukansu. Wani daga cikinsu ya manta wani ƙaton littafi marar bango, bai taɓa dawowa nemansa ba, ni kuma ban wahalar da kaina wajen nemansa ba. A cikin littafin nan na koyi cewa kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan, umarni ake rubuta mata layi bayan layi, ta bi kamar jakin da ya san hanyar gona. Cikin shekara biyu na fara rubuta ƙananan furogiram, abin da ku yanzu kuke kira manhaja. A lokacin macen da ke wannan aiki a Jos ba ta da yawa, kaina kuwa ya kumbura har ɗankwali ya kusa daina zama.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da na yaye Abba. Wayar hannu ta shigo gari, amma sai wane da wane, mu sai mu je ƙarƙashin lema mu biya a buga mana. Abu biyu suka zo mini a daminar nan. Na farko, wani likita mai ƙaramin asibitin haihuwa a Bukuru ya sa na rubuta masa furogiram na katin marasa lafiya. Na zuba masa ado, maɓallai masu launi, wannan kore wancan shuɗi, komai sai ka kama linzamin kwamfuta ka kai kibiya kansa ka danna. Na biyu, wani kamfani a Abuja ya kira ni jarrabawa, na ci, suka ce in bayyana ranar Litinin ta ƙarshen wata da ƙarfe takwas na safe, in ban zo ba akwai mai jiran kujerar. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe, ta ce ita za ta riƙe ku, in riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Babanku bai yi dogon bayani ba. Ya tafi kasuwa ya yanko yadi ruwan toka, ya ɗauko tef ɗinsa ya ce in miƙe tsaye.

“Malam, ai ka san awona,” na ce masa.

“Na san na bara,” ya ce. “Tsaya daidai, Laraba.”

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne wa zai zauna gaban furogiram ɗin asibitin. Ngo Chundung ce. Ta kai shekara goma tana buga katin asibitin nan da tafireta, da wannan aikin take riƙe jikokinta uku da ɗanta ya mutu ya bari. Tsufa ya kawo mata rawar hannu, ko kofin shayi ta ɗauka sai ya zuba. Abin mamaki, in ta ɗora yatsunta a layin tsakiya sai su natsu kamar sun dawo gida. Amma linzami ya gagare ta. Ta kama shi, kibiya ta yi ta rawa a fuskar kwamfuta, ta nufi kore ta faɗa kan ja. Ranar da na je duba yadda aiki ke tafiya na tarar da layin mata har bakin titi, ita kuma gumi na tsiyaya a goshinta cikin sanyin Agusta.

“Laraba, wannan ɓera naka ba ya jin magana,” ta ce, tana nuna linzamin. “Na ce shi tafi gabas, shi tafi yamma.”

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Likitan bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce shi ba mugu ba ne, ya san matar ta yi masa hidima, amma mai ciki ba za ta tsaya awa uku don a buɗe mata kati ba. Ranar Litinin mai zuwa ranar awon ciki ce, ranar da ta fi kowace cika. In Ngo ta sallami layi kafin sha biyu, shi ke nan, ta zauna. In ta kasa, akwai wata yarinya da ta gama makarantar kwamfuta tana jira. Litinin ɗin kuwa ita ce dai Litinin ɗin Abuja. A motar komawa gida na gane cewa furogiram ɗina mai kore da shuɗi shi ke shirin cire abinci daga bakin matar da ta koya mini sana'a.

Maganin yana cikin littafina marar bango, babin madannan yanke. Kun san yadda in za ku je masallaci ba kwa zagayawa ta babban titi, kuna bi ta yanke ta bayan gidan su Hajiya Uwa. To haka abin yake. Maimakon a kama linzami a je a nemo maɓalli, sai a rubuta a cikin umarnin cewa in an danna madanni kaza a kibod, a yi aiki kaza nan take. Na zauna kwana biyu na saka su yadda littafi ya ce. A riƙe Ctrl a danna N, sabon kati ya buɗe. A riƙe Ctrl a danna S, kati ya adanu. Madannin da ke can ƙuryar hagu ta sama kuma, wanda aka rubuta wa Esc, na sa shi ya rufe kati ya watsar da abin da ke ciki, kuma don son sauri ban sa ya tsaya ya tambayi mutum ko ya tabbata ba. Kafin wannan rana madannin nan ba ya yin komai a furogiram ɗin. Ranar Alhamis na kai aikin a faifai, na ɗora, na rubuta wa Ngo madannan a 'yar takarda, na yi mata bayani ina tsaye da jaka a kafaɗa, na wuce kasuwa sayen takalmin Abuja.

Ranar Juma'a da hantsi aka aiko direban asibiti ya zo ya ɗauke ni. Na tarar nas tana rubuta kati da biro, Ngo tana zaune ta naɗe hannuwa a cinya. Ta ce duk katin da ta fara, da ta gama layin suna sai ya ɓace, ta gwada har ta gaji. Na ture ta gefe na zauna, na cika kati uku a jere, ko ɗaya bai ɓace ba. Likita yana tsaye a kanmu. Ni kuma, da girman kaina da takalmin Abuja a raina, na buɗe baki na faɗi maganar da har gobe in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni.

“Ngo, furogiram lafiyarsa ƙalau. Sai dai ko hannun ne.”

Ta dubi hannuwan nata, ta juya su, sannan ta dubi likita.

“Oga Dokta, ba sai an jira Litinin ba. Ka kira yarinyan.”

Likitan ya ce ya riga ya ce Litinin, ba zai canza ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta yi mini sallama ba, ita da ko faɗa muka yi sai ta ce in gaida Malam da yara.

Da yamma na zauna a shagon babanku ina ta zuba, ina wanke kaina. Na bi littafi sak, na gwada da hannuna, tsufa kuma ba ni na kawo shi ba. Yana ɗinke bakin siket ɗina, allura a leɓe, sai da na ƙare ya ɗago.

“Da hannun wa kika ce kin gwada?”

“Da hannuna mana.”

“To ai kanki kika ɗinka wa. Kin taɓa ganin na auna kaina na yanka wa wani riga? Ki je ki auna ta.”

Na ce masa kwamfuta ba keken ɗinki ba ce, shi da ko kunna ta bai iya ba. Ya ce haka ne, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na kwana da haushinsa, na tashi na tarar maganar tana nan inda ya ajiye ta.

Ranar Asabar na sa wani tsohon kibod a jaka na hau motar Bukuru. Gidan Ngo yana bayan gari, an kewaye shi da shingen ƙerana, daga ƙofar ana hango wani kududdufin da masu haƙar kuza suka bari. Ana yayyafi, tana dafa gwate, faten acca da ganye, a murhu. Ta karɓe ni ba yabo ba fallasa, ta zuba mini a kwano, don ita ko tana fushi da kai ba ta barin ka da yunwa. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta fito da tafiretarta. Ta jawo ta daga ƙarƙashin gado, ta share ta da gefen zane, ta zura takarda. Na ce ta buga kati kamar yadda ta saba, ni kuma a karon farko a rayuwata na bar kallon takarda na zuba wa hannuwanta ido. Yatsu suka yi ta gudu, ƙararrawar tafireta ta yi ƙara a ƙarshen layi, hannun hagu ya tashi sama ya mari sandar da ke mayar da takarda farkon sabon layi, ya koma gidansa. Na ajiye mata kibod ɗin nan da ba a haɗa da komai ba, na ce ta sake buga wannan katin. Ta buga suna. Hannun hagu ya tashi neman sandar da babu ita, ya sauko daidai kan ƙuryar sama, a kan Esc.

“Ngo, kin san kina taɓa nan?”

“Ina? Ni ban taɓa komai ba.”

Ba ta sani ba. Shekara talatin da wani abu hannun nan yana wannan tafiya a ƙarshen kowane layi, ba ya neman izininta. Ni na je na haƙa rami a kan hanyarsa, da ta faɗa kuma na tsaya gaban oganta na ce ƙafarta ce ba ta da kyau. Na kuma lura riƙe madanni biyu a lokaci guda yana tayar mata da rawar, wani lokacin kuma yatsa ya buga sau biyu a maimakon ɗaya. Na yi kuka a ɗakin nan, kukan haushin kaina. Ta ce in bar kuka in cinye gwatena kafin ya huce.

Muka garzaya asibiti, babu wuta. Tun safe aka ɗauke, janareto kuma ba a tayar da shi sai in za a shiga da mace ɗakin haihuwa. Muka jira har la'asar ta wuce. Na zauna a benci na rubuta gyaran a takarda da biro, layi bayan layi, na ninke na sa a jaka. Babu wanda zan bar wa ita, duk asibitin ba mai iya shigar da ita. Ngo ta raka ni bakin titi.

“Ka tafi Abuja naka, Laraba. Allah shi ba da sa'a. Ni na ci nawa zamani.”

Ranar Lahadi da safe babanku ya ɗauki akwatina a ka ya raka ni tasha. Rigar da ya ɗinka mini tana ciki, ya goge ta ya naɗe a jarida. Ya samo mini kujerar gefen taga, ya tsaya har mota ta tashi. Kun san hanyar Abuja ta cikin Bukuru take bi. Tun daga tasha nake faɗa wa kaina ina da 'ya'ya uku, ina da uwa, kuma irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Duk gaskiya ne. Muna shiga Bukuru na ga mata suna tafiya coci cikin zannuwansu iri ɗaya, na ga barandar da na zauna wata takwas da ɗankwali a kan hannuwa, na ga fitila tana ci a wani kantin magani, alamar an kawo wuta. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne kawai ya buɗe.

“Direba, akwai sauka.”

“Hajiya, nan Bukuru ne fa, ko fara tafiya ba mu yi ba.”

“Na san Bukuru, a nan aka binne cibiyata. Buɗe mini but in ɗauki akwatina.”

Nas ɗin da ke aiki ta buɗe mini ofishin kati. Abu uku na yi. Na cire duk wani umarni mai buƙatar madanni biyu, na mayar da su kan madannan layin sama, ɗaya-ɗaya. Na rubuta cewa in madanni ya bugu sau biyu cikin ƙiftawar ido, a ɗauki na farko a yar da na biyu. Sannan na koma kan Esc. Littafi ya ce aikinsa rufewa ne, duk duniya haka aka san shi. Na ce duniya ta yi haƙuri. Na sa shi ya zama sandar tafireta: a danna shi, ya sauka layi na gaba, in an kai layin ƙarshe ya adana katin, ya yi ƙara kamar ƙararrawa, ya buɗe sabo. Na gwada, ya ƙi. Akwatunan rubutu suna cafke madannin kafin babban shafin ya ji shi. Na shafe awa biyu ina tsine wa kwamfutar, sai na ciro littafina daga akwati, na gano a wani shafin da manja ya ɓata cewa akwai wuri guda da ake gaya wa babban shafi ya riƙa jin madanni kafin kowa. Kalma ɗaya na canza. Ngo ta shigo bayan an tashi daga coci, jikanta ya gaya mata ya gan ni, ta tsaya a ƙofa da Littafinta a hammata.

“Kai! Mota ya lalace?”

“Zauna ki buga mini kati, Ngo. Kada ki canza komai, ki yi yadda kika saba.”

Ta buga, hannun hagu ya tashi ya sauko, rubutu ya koma layi na gaba. A layi na shida abin ya yi ƙara. Ta janye hannuwa kamar ta taɓa wuta, sannan ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce ashe wannan akwati yana da tarbiyya.

Zan faɗa muku gaskiya, da na so da na sami motar yamma, ko ta asuba, in gwada sa'ata. Amma na riga na ɗora mata aiki sau ɗaya na juya baya, na ga abin da ya haifar. Na ɗauki akwatina na koma Congo-Russia. Babanku yana kan keke, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi akwatin.

“Har kin dawo? Lallai an gyara hanyar Abuja.”

Na ba shi labari tiryan-tiryan ina jiran faɗa. Ya daɗe yana juya almakashi a hannu. Na ga ransa ya sosu, don ya riga ya gaya wa duk layinmu matarsa za ta yi aiki a Abuja. Daga ƙarshe ya ce in fito da rigar kada ta yamutse, gobe zan sa ta, ai don zuwa aiki aka ɗinka ta.

Da rigar Abuja na je Bukuru ranar Litinin. Mata masu ciki sun cika benci har baranda, likita ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. Ngo ta zauna, ta gyara kujera, sannan ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa shi a kan hannuwanta.

“Oga Dokta, ka duba layi, kada ka duba hannuna.”

Ba ta kalli kwamfutar ba ko sau ɗaya. Idonta na kan matar da ke gabanta, tana tambayar suna da unguwa da wata nawa, tana tsokanar wannan, tana yi wa waccan faɗan rashin zuwa awo, ɗankwali yana motsi, gefensa na hagu yana tashi yana sauka, ƙararrawa tana ƙara. Ina tsaye a bayanta, ban sa hannu ko sau ɗaya ba. Sha ɗaya da 'yan mintoci benci ya zama wayam. Likita ya dubi agogo, ya dubi bencin, ya ce, “Mama, sai gobe,” ya shige ofishinsa. Ta ci gaba da zama a kujerar nan har jikokinta suka kama ƙafarsu, ta bar aikin da kanta ranar da ta ga dama.

Da azahar na je ƙarƙashin lema na buga Abuja. Wata mata ta ce mini cikin ladabi an jira ni har tara, an ba wani. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban taɓa nadama ba. Na yi, ba sau ɗaya ba, musamman shekarun da ɗinki ya ja baya, ina yawo makarantu da kantunan magani ina rubuta musu ƙananan ayyuka, rufin ɗakinmu yana yoyo a kan gadonku. Irin wannan aikin bai sake nemana ba.

Inna ta iso washegarin Litinin ɗin da sassafe, ko gyale ba ta yafa daidai ba. Kun san Inna, in ta hau ba mai sauko da ita. Na san in ta ji cewa da ƙafata na sauka daga mota saboda matar da ba dangin iya ba na baba, ba za ta yafe mini ba, kuma sai ta je har gidan Ngo ta zazzage mata. Ina tsaye ina neman ta inda zan fara, babanku ya fito daga shago ya durƙusa.

“Inna, ni na ce ta dawo. Na ga yaran sun yi ƙanana. A yi haƙuri.”

Ta wanke shi tas, ta kira shi mai baƙin ciki, mai tsoron mace ta fi shi. Kansa na ƙasa yana cewa a yi haƙuri. Bayan ta tafi na ce masa don me. Ya ce shi suruki ne, an saba jin haushin suruki, amma uwa da 'ya in suka ɓata gyaran yana da wuya. Ya ce in bar shi a haka. Na bar shi a haka, na ga kamar na 'yan kwanaki ne, sai ga shi har Inna ta rasu ba ta ƙara cin abinci a gidanmu da sakin fuska ba.

Nura, kana tuna ranar da ka dawo hutu daga jami'a, ka nemi ya bar ka ka tafi Legas ya ce ka bari ka gama karatu? Ka tsaya a ƙofar shago ka ce masa, “Haka ka danne Mama, yanzu ni za ka danne.” Ya tsayar da keke, ya dube ka, ya ce, “Haka ne. Miƙo mini almakashin can.” Ina bayan labule a ranar, na ji komai, na kuma yi shiru. Wannan shirun ya fi maganar da na faɗa wa Ngo muni, don ita na samu na durƙusa na ba ta haƙuri.

Rigar tana nan a ƙasan akwatina cikin jaridarta, ku ɗauko ku duba ɗinkin, ku ga ko mai shirin hana mace tafiya yana zama ya yi irin wannan aiki. Shi ya yanko yadin, shi ya auna ni, shi ya ɗauki akwatina a ka har tasha ya samo mini gefen taga. Ni na ce wa direba akwai sauka.